Motar da mai albashi zai iya riƙewa a Damagaram

Duk wanda ya raka wani wajen dillalan mota a Damagaram cikin 'yan shekarun nan ya san cewa tambayar farko ta canja. A da ana fara tambayar shekarar da aka ƙera motar, da lafiyar na'urar sanyi, da ko takardun duwan, wato kwastam, sun cika, yanzu kuwa tun ba a ɗaga murfin inji ba za ka ji mai saye ya ce, "Yaya shan manta?" Tambayar ta dace da halin da ake ciki, kuma ita ce ta sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara sha'awar motocin hibrid, masu aiki da fetur da batir a haɗe, waɗanda ake cewa rabin man sauran motoci ya ishe su. Ra'ayina shi ne, ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko matsakaicin ɗan kasuwa da ya tara kuɗinsa da kyar, tsohuwar hibrid ba ita ce ta fi sauƙin riƙo a garin nan ba tukuna. Abin da zai rage masa ɗawainiya shi ne mota mai ƙaramin inji, irin wadda kowane makanike ya san cikinta, kuma ana samun kayan gyaranta a nan ko a Kano.

Damuwar mutane da mai tana da dalili, ko da yake matatar ƙasa a jiharmu take. Tun daga watan Nuwamba na 2011 matatar, mai suna SORAZ, take tace ɗanyen man Agadem a arewacin gari, a kan hanyar Tanut, kuma ƙarfinta ganga 20,000 ne a rana. Shekara da shekaru wannan ya wadatar, amma wadatar ba ta matatar kaɗai ba ce: wani babban kaso na man da babura da motocin Damagaram suke sha ruwa-ruwa ne, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki, a jera a kwalabe bakin titi. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, farashi ya ninka a can, ribar fasa-ƙwaurin ta gushe, kowa ya komo gidan mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618, aka yi murna. A watan Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai, hukumomi da kansu suna cewa abin da matatar ke fitarwa bai kai buƙatar ƙasa ba. Bututun da ya kai ɗanyen manmu gaɓar teku a Benin, ɗanye yake ɗauka, bai ƙara ko lita ɗaya ta fetur a tankin kowa ba. Farashin 499 kuwa hukuma ce ta yanke shi, abin da hukuma ta yanke kuma tana iya sakewa. Saboda haka wanda zai sayi motar da yake fatan riƙewa shekara goma bai yi kuskure ba in ya sa ido a kan shan mai.

Inda ake ɓata shi ne wajen lissafi, domin yawancinmu da jin labari muke sayen mota, ba mu zama da biro da takarda. Prius, hibrid ta kamfanin Toyota, ta tsakanin 2009 da 2015 tana shan kusan lita 5 a kilomita 100 in tana da lafiya. Corolla ta tsakanin 2003 da 2008, mai injin lita 1.8, tana shan kimanin 8. Yaris mai ƙaramin inji tana tsakanin 6 da 7. Manyan motoci masu silinda shida, irin su Highlander, ba su cika sauka ƙasa da lita 12 ba, in ana cikin gari da sanyi a kunne ma sun wuce haka. Mu ƙaddara mutum yana cin kilomita 1,000 a wata. A farashin sefa 499, mai Highlander zai sayi lita 120, wajen jika 60, wato sefa dubu 60. Mai Corolla lita 80, wajen jika 40. Mai Prius lita 50, wajen jika 25. Wanda ya sauko daga babbar mota zuwa Corolla ya tsira da jika 20 kowane wata ba tare da ya shiga wata sabuwar fasaha ba, alhali tsallakawa daga Corolla zuwa Prius jika 15 ce ribarta, daga Yaris kuwa ba ta kai 10 ba.

Mu ƙara ƙaddarawa cewa hibrid ɗin ta ɗara Corolla tsada da sefa miliyan ɗaya. Da rarar jika 15 a wata, sai an shekara biyar da rabi kafin kuɗin su dawo. Wannan ma ga mai cin kilomita 1,000 ne. Damagaram ba Yamai ba ce. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, ofis, makarantar yara da Kasuwar Dole ba, da leƙa dangi a Birni ko Zango ranar hutu, da kyar yake cin rabin haka, shi kuma shekara goma sha ɗaya zai jira. A cikin waɗannan shekarun akwai wani baƙo da lissafin bai sa shi ba, shi ne babban batir.

Hibrid tana rage shan mai ne ta hanyoyin da suka fi amfani a cunkoso. In an tsaya, injin fetur yana mutuwa da kansa. In an taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza ana mai da shi lantarki a adana a batir. In za a tashi, injin lantarki ne yake fara tura motar. Ba a jona ta da wutar gida, don haka ɗaukewar wutar NIGELEC ba ta shafe ta ba, saɓanin yadda wasu suke zato. To amma a doguwar hanya, mutum ya miƙe daga nan zuwa Maradi ko Gure yana gudun ɗari ba tsayawa, injin fetur ne yake ɗauke da kusan dukan aikin, tazarar da ke tsakaninta da ƙaramar mota ta yau da kullum sai ta ragu. Mu kuwa cunkosonmu na babura ne da adaidaita, na 'yan mintoci, tafiyarmu mai cin mai kuma ta tsakanin garuruwa ce.

Batir ɗin shi ne inda na fi so mai saye ya tsaya ya yi nazari. A Prius ta waɗannan shekarun yana bayan kujerar baya, an haɗa shi daga ƙananan gidaje 28, ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 200. Babban maƙiyinsa zafi ne, kuma ba ruwa ke sanyaya shi ba, wata 'yar fanka ce take zuƙo iskar cikin mota ta wata ƙofa da ke gefen kujerar baya ta hura masa. Sai a duba yadda muke amfani da mota a nan. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, motar da ta wuni a rana a ƙofar ofis kuma cikinta ya fi haka nesa. Mai ita, saboda tattalin mai, ba ya kunna sanyi, sai ya sauke gilasai, fankar ta yi ta hura wa batir iska mai zafi haɗe da ƙura. Da hunturu ya shigo, ƙurar nan mai laushi da ke shiga ko cikin akwati a rufe tana taruwa a fikafikan fankar har ta yi dami. Ranar biki kuma an cusa mutum biyar a baya, gefen babbar riga ko ƙullin kaya ya toshe ƙofar iskar, ba wanda ya lura, domin ba wanda aka taɓa gaya wa amfaninta. Batir ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana raunana ne a hankali, injin fetur ya riƙa tashi fiye da da, shan mai ya hau, har ranar da fitilar gargaɗi za ta kunnu motar ta ƙi ja.

Kamfanin Toyota, a Amurka, garantin shekara 8 ko kimanin kilomita 160,000 yake bai wa batiran waɗannan tsofaffin motoci. Da yawa suna wuce haka lafiya a ƙasashe masu sanyi, wannan gaskiya ne. Amma motar da ta iso Damagaram da kuɗin da mai albashi zai iya biya ta riga ta shekara goma ko goma sha biyar a hannun wasu, wato mu ragowar ran batir muke saya, ba mu kuma san nawa ya rage ba. A ido ba a gane shi, a gwajin tuƙi na minti goma ma ba a gane shi, sai an jona na'urar bincike an karanta ƙarfin kowane ɓangare. Sayen hibrid ba tare da wannan awon ba cinikin biri a sama ne.

Makanikanmu ba na raina su. Mutanen da suka riƙe Peugeot 504 da Land Cruiser suna aiki shekara talatin a kan hanyar Agadas, da kayan aikin da ba su cika akwati ɗaya ba, sun cancanci yabo. Sai dai ƙwarewarsu ta kunne ce da hannu, an gaje ta daga maigida zuwa yaro a kan injunan da ake ganin komai nasu a fili. Wasu dabarun da suka saba da su ma cutar da motar zamani suke yi. Sau da yawa mota tana isowa za a cire mata abin daidaita zafin ruwan inji, a jona fankar lagireto kai tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. Injin da bai kai zafin aikinsa ba kuwa kwamfutarsa ƙara masa mai take yi, a hibrid ma ƙin mutuwa yake yi a tsaye, wato an kashe dalilin sayenta. Na'urar sanyin Prius da lantarki take juyawa, mai na musamman take buƙata, in aka zuba mata na sauran motoci an jawo ɓarna. Wayoyin nan masu launin lemo da ke ƙarƙashinta kuma suna iya kashe yaron gareji da ya kai hannu bai sani ba. In abin ya gagara, sai a ɗauki waya a kira Kano, mai nisan kilomita wajen 240 ta Matamaye da Daura, a jira a aiko da batir na hannu wanda shi ma ba a san shekarunsa ba, ko a canja gida ɗaya ko biyu a cikin tsohon, bayan wata kaɗan na kusa da su su biyo baya. Corolla kuwa, ko a Tanut ko Magarya ta tsaya, da wuya rana ta faɗi ba a tashe ta ba.

Duk wannan bai wanke tsohuwar ƙaramar mota ba, domin araha ba ta ado. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, da yawansu ba za su ci jarrabawar hawa titi a ƙasashen da suka fito ba. Hanyar da suke bi zuwa gare mu ma ta ƙara tsawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kayan da aka saba saukewa a Kwatano da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan a ƙara kusan kilomita 900 zuwa nan. Kowane kwana da aka ƙara a hanya, mai saye na ƙarshe ne yake biyansa.

A wajen dillali kuwa labarin kusan ɗaya ne kullum. Zai shafa rufin motar da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Faransa, kasuwa kaɗai take zuwa da ita, dubi agogonta, ko dubu ɗari ba ta ci ba." Agogon kilomita ana mai da shi baya cikin ɗan lokaci, don haka ni ban cika kallonsa ba. Robar da ke kan birki da kuloci, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita, su ba su iya ƙarya. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da wurin ajiye safaya a duba ko akwai tsatsa ko busasshen laka, domin cikin motocin Amurka akwai waɗanda ambaliya ta ci ko suka yi mummunan haɗari, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka gyara fuska aka turo. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana iya tona tarihin irin waɗannan a intanet. A leƙa ƙarƙashi a ga ko tukunyar tace hayaƙi tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, a like bututu a wurin. A je da sassafe a tashe ta tana sanyi, a kalli launin hayaƙin. Makaniken da zai duba kuma ya zama naka, wanda kai za ka sallama, ba wanda yake jiran rabonsa a cikin la'ada ba.

Akwai wata magana da ba a so a faɗa, ita ce yawancin kuɗin da muke ƙonawa a mai, na neman girma ne. Mutum albashinsa bai kai ya cika tankin babbar mota sau uku ba, amma ya ci bashin banki ya saye ta don kada a raina shi a wurin ɗaurin aure, daga nan ya koma sayen man jika biyu-biyu, rabin wata motar tana lulluɓe a ƙofar gida shi yana kan kabu-kabu. Hujjar da ake kawowa ita ce hanyoyinmu, rairayi da ramuka da ruwan damina da ke kwanciya a unguwanni. Ga wanda aikinsa yake kai shi ƙauyuka, ko yake da gona ko garke a daji, hujjar ta karɓu, Hilux ko RAV4 ce ta dace da shi, kuma Prius da cikinta yake kusa da ƙasa ba ta ma shiga zancen ba. Amma wanda sau biyu a shekara yake sauka daga kwalta, ya fi masa sauƙi ya ɗauki hayar mota a waɗannan ranakun da ya ciyar da silinda shida shekara guda.

Masu goyon bayan hibrid suna da hujjojin da ba zan yi watsi da su ba. Prius tun 1997 take kasuwa a Japan, ba gwaji ba ce, kuma a biranen duniya da dama direbobin tasi sun ci dubban ɗaruruwan kilomita da ita. Ba ta da kuloci, ba ta da sitata ko dinamo irin na sauran motoci, birkinta kuma yana daɗewa. Wanda yake wuni a kan titi cikin gari, yana cin kilomita 3,000 a wata, lissafin da na yi a sama juyewa yake yi ya goyi bayansa, cikin shekara biyu ya mai da kuɗinsa. Haka wanda yake da halin sayen wadda ba ta wuce shekara biyar ko shida ba, yana da rumfar ajiye ta, yana kunna sanyi, yana sa a wanke fankar batir bayan kowane hunturu, kuma ya ware kuɗin batir a gefe tun ranar saye. Irin wannan ba zan hana shi ba. Amma shi ba shi ne mai neman mota mai araha ba.

Shi mai ƙaramin ƙarfi, bayan ya zaɓi ƙaramin inji, sauran tattalin yana hannunsa: iskar taya daidai, matatar iska mai tsabta, wadda a garin ƙura irin namu take toshewa tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, fulogi masu kyau, juyen mai a kan kari, da barin ɗumama inji na minti goma da safe, al'adar da muka gada daga motocin kafireta. Kada kuma ya zuba dukan abin da ya tara a farashin mota. Takardu, asiransi, tayoyi da gyaran farko suna jiransa a makon da ya karɓi makulli.

Abin da ya sa na ce "tukuna" tun farko shi ne, ba mu muke zaɓar abin da za a ƙera ba, abin da Turai da Amurka suka hau yau shi za mu hau nan da shekara goma sha. A Turai yawancin motocin da Toyota take sayarwa yanzu hibrid ne, a Amurka kuma Camry ta 2025 ba a yi ta da injin fetur zalla ba sam. Ko mun so ko mun ƙi, wata rana filin dillalan Damagaram zai cika da su, Corolla mai sauƙin ciki kuma ta zama sai an tona. A nan ne nake ganin aikin hukuma. Cibiyoyin koyon sana'a na jihar nan su fara koyar da lantarkin mota da aiki da na'urar bincike tun yanzu, kuma a buɗe ƙofa ga masu gareji da yaransu da ba su yi boko mai zurfi ba, a koyar da su da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki, domin su ne motocin za su faɗo wa a hannu. Kuɗin duwan a tsara shi yadda ƙaramin inji zai sami rangwamen da mai saye zai ji a aljihunsa. In za a yi wa hibrid sassauci, a haɗa shi da iyakar shekaru da takardar awon batir, in ba haka ba mu za mu zama juji na batiran da suka gama aiki a wata ƙasa. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta amince da ƙa'idojin shekaru da na hayaƙi ga motocin da ake shigowa da su a 2020, mu kuma mun fice daga cikinta a watan Janairu na 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka tsara namu ya rage gare mu. Cikin abin da za a tsara har da inda mataccen batir zai je, domin in ba a tanadi mai karɓarsa ba, a bayan gareji za a jefar da shi, inda yara suke tsintar ƙarfe su kai wa masu awo.